Ƙwan lantarki mai murɗe, LED ko tsohon mai zare: wanne za ka saya, kuma ina za ka kai wanda ya mutu?

Wanda ƙwan ɗakinsa ya mutu ya fita sayen wani, iri uku zai tarar a jere, wani lokaci huɗu, kowanne da alƙawarin da aka buga a kwalinsa. Ga tsohon ƙwai mai zare a ciki, mai jan haske, wanda ya fi kowanne araha. Ga farin nan mai murɗaɗɗen gilashi da ake rubuta CFL a jikinsa, wanda aka yi shekaru ana kiran jama'a su koma gare shi saboda ba ya shan wuta. Ga kuma LED da ya zo daga baya ya mamaye kasuwa. Sai kuma maganar zaiba ta shigo ta ƙara rikita lissafi, don an ce mai murɗen akwai guba a cikinsa. To, a daina saye ke nan? Waɗanda ke maƙale a sama yanzu suna aiki lafiya lau fa, a ciro su a zubar?

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Abin da ya kamata ka saya daban, abin da ya kamata ka yi da wanda ka riga ka mallaka daban. Yawancin ɓarnar da ake yi, daga haɗa biyun nan take fitowa.

Abubuwan da za a auna

Na farko haske. Mun saba auna ƙwai da wat, a ce wat 60 ko wat 100, alhali wat wutar da ƙwan ke ci ce kawai. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, kuma za ka gan shi a kwali da haruffan lm. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Ke nan abin tambaya shi ne, wane ƙwai zai ba ka lumen 800, kuma wat nawa zai ci kafin ya ba ka.

Na biyu kuɗi, wanda shi ma kashi biyu ne: abin da ka biya ranar saye, da abin da mita za ta ci muddin ƙwan na raye. Na farkon ne ido ke gani, amma na biyun ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Na uku ƙarko. Awannin da aka rubuta a kwali a ɗakin gwaji aka samo su, inda wuta take tsaye kuma babu zafi mai yawa. A gida ƙwai kan mutu kafin ya kai su, sai dai duk da haka sun isa a kwatanta wannan iri da wancan.

Na huɗu halin ƙwan wurin aiki: yana kamawa nan take ko sai ya ɗauki lokaci, yana jure yawan kunnawa da kashewa, yana jure zafi ko sanyi.

Sai haɗari, wato abin da zai iya yi wa mutum yana aiki ko ya fashe. Na ƙarshe kuma makomarsa bayan ya mutu. Wannan shi ne mai saye ya fi mantawa da shi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Tsohon mai zare da ƙaninsa halojin

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Wuta tana bi ta siririn zare na ƙarfen tangistan, zaren ya yi zafi har ya yi haske. Matsalar ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zafi take komawa. Taɓa shi bayan minti biyar da kunnawa ka ji. Rayuwarsa kimanin awa 1,000 ce, wato ƙasa da shekara guda idan ana kunna shi awa uku kullum.

Yana da nasa kirki. Nan take yake kamawa, launin kaya yana fita sosai a ƙarƙashinsa, babu zaiba a cikinsa, idan ya mutu gilashi ne da ɗan ƙarfe. Halojin shi ma zare ne, an dai ƙara masa wata iska da ke sa ya ɗan daɗe, ya kuma ci kimanin wat 43 a maimakon 60. Amma ya fi na farkon zafi, kuma tsimin nasa bai taka kara ya karya ba. Tarayyar Turai ta fara janye mai zare daga kasuwa a 2009 ta kammala a 2012, ƙasashe da dama kuma suka ɗauki irin wannan matakin. Ba na ganin dalilin saya wa ɗaki irinsa a yau.

CFL, mai murɗe

Wannan doguwar fitilar fulorasan ce ta ofisoshi aka ƙanƙanta aka murɗa, don ta shiga mariƙin ƙwai na gida. Injiniya Edward Hammer na kamfanin General Electric ne ya ƙirƙiro mai siffar murɗe a 1976, kamfanin Philips kuma ya kawo nasa samfurin kasuwa a 1980, sai dai bai cika gidaje ba sai bayan shekara ta 2000.

Bututun gilashin cike yake da iskar agon da ɗan tururin zaiba. Idan wuta ta ratsa, sai zaibar ta fitar da hasken altarabayolet wanda ido ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke karɓar wannan hasken ta mayar da shi farin da muke gani. Saboda haka babu yadda za a yi CFL marar zaiba, in babu ita ƙwan ba zai kama ba. A cikin gindin robar kuma akwai 'yar na'ura mai daidaita wutar da ke shiga bututun.

Ya kamata a yi wa ƙwan nan adalci. Da wat 13 zuwa 15 yake ba da hasken da mai zare ke cin wat 60 kafin ya bayar, tsimin kusan kashi uku cikin huɗu ke nan. Yana kai awa 6,000 zuwa 15,000 gwargwadon ingancinsa. Ba ya zafafa ɗaki. A zamanin da ya yi tashe, gidajen da suka koma gare shi sun ga bambanci a kuɗin wuta, masu janareta da batir kuma sun samu sauƙi ƙwarai. Kuɗin sayensa ya ninka na mai zare, amma yakan mayar da shi cikin 'yan watanni a inda ake kunna shi kullum.

Sai dai yana da halaye da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Ba ya son yawan kunnawa da kashewa, domin kowace kunnawa tana cinye wani abu daga wayoyin da ke bakin bututun. Wanda aka sa a banɗaki ko kan matakala, inda ake kunna shi minti biyu a kashe, ba zai kai ko kusa da awannin da ke kwalinsa ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce, idan fitar da za ka yi ba ta wuce minti 15 ba, ka bar shi a kunne. Yana ɗaukar rabin minti zuwa 'yan mintuna kafin haskensa ya cika, a wuri mai sanyi ma ya fi haka. Yawancinsu ba sa aiki da makunni mai rage haske. Idan aka rufe shi cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, zafi ya kashe na'urar gindin tun bututun bai gaji ba. Hawa da saukar wuta ma na yi masa illa.

Ɗauki wanda ya tsufa ka duba da kyau. Za ka ga gilashin ya yi baƙi a daidai inda ya shige cikin gindi, robar ta sauya daga fari zuwa rawaya, wani lokaci da 'yar tsaga. Haskensa ya dusashe ko yana ƙyafta-ƙyafta. Irin wannan ya kusa, kuma a wurin cire shi aka fi samun fashewa, saboda mutane kan kama murɗaɗɗen gilashin su juya. Gilashin siriri ne. A gindin roba ake kamawa, wurin sawa da wurin cirewa, bayan an kashe makunni an bar shi ya huce.

LED

Babu zare, babu bututun iska. Ƙananan ƙwayoyi ne na lantarki da ke fitar da shuɗin haske, an rufe su da wani shafi mai rawaya da ke mayar da shi fari. Samun shuɗin LED ɗin ne ya buɗe wannan ƙofar, kuma a kansa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar yabo ta Nobel a 2014.

Wat 8 zuwa 10 ya ishe shi ya ba da lumen 800. Ana rubuta masa awa 15,000 zuwa 25,000, wasu fiye. Nan take haskensa ke cika, yawan kunnawa ba ya damunsa sosai, sanyi ma daɗinsa yake ji. Yawancinsu murfin roba gare su, ko sun faɗo da wuya su tarwatse. Babu zaiba ko kaɗan. A farkon fitowarsa tsada ce ta hana mutane, amma farashin ya yi ta sauka har ya zo daidai da na CFL, a wurare da yawa ma ya yi ƙasa da shi.

Inda ake samun matsala shi ne inganci. Araha ba ta ado, kuma a kasuwar LED an fi ganin gaskiyar wannan. Akwai masu rubuta wat da lumen da ƙwan bai kai ba. Akwai waɗanda na'urar gindinsu ba ta da kirki, wata uku ta ƙone alhali ƙwayoyin hasken lafiyarsu ƙalau. Zafi shi ne babban abokin gabansa. Mai kyau za ka tarar an yi masa jikin alminiyom a ciki don ya janye zafi, kuma shi ma bai kamata a kulle shi a inda iska ba ta shiga ba, sai in an rubuta cewa an yi shi don haka. Marar kyau yakan yi rawar haske da ido ba ya kamawa amma take gajiyar da mutum. Ɗora kyamarar waya a kansa, idan ka ga layuka masu duhu suna gudu a fuskar wayar, yana da wannan matsalar.

Ka nemi wanda aka rubuta lumen ɗinsa a fili, da sunan kamfani, da garanti. Duba lambar da ke ƙarewa da K: 2700K haske ne mai ɗan ja irin na tsohon ƙwai, ya dace da ɗakin kwana, 6500K kuma fari ne fat, ya fi dacewa da wurin aiki. Duba gindin ma kafin ka biya, E27 mai murɗawa ne, B22 mai 'yan kunnuwa biyu.

| Abin da aka auna | Mai zare | Halojin | CFL | LED |
|---|---|---|---|---|
| Wat don lumen 800 | 60 | kimanin 43 | 13–15 | 8–10 |
| Awannin aiki | kimanin 1,000 | kimanin 2,000 | 6,000–15,000 | 15,000–25,000 |
| Kuɗin saye | mafi araha | araha | matsakaici | matsakaici |
| Wutar awa 15,000 | 900 kWh | 645 kWh | 210 kWh | 135 kWh |
| Ƙwai nawa a awa 15,000 | 15 | 7 ko 8 | 2 | 1 |
| Kamawa | nan take | nan take | a hankali | nan take |
| Yawan kunnawa | yana jurewa | yana jurewa | yana kashe shi | yana jurewa |
| Zafin jiki | sosai | sosai ƙwarai | kaɗan | kaɗan |
| Zaiba | babu | babu | akwai | babu |

An yi lissafin wutar a kan CFL mai wat 14 da LED mai wat 9. kWh ɗaya shi ne yunit ɗaya a mita. Ninka waɗannan lambobin da kuɗin yunit ɗaya a inda kake, za ka ga ainihin tsadar kowanne. Akwai kuma wani abu da teburin ke nunawa wanda ya kamata a lura da shi. Wanda ya bar mai zare ya koma CFL, a ƙwai ɗaya da ke aiki awa uku kullum, ya tsimi kimanin 50 kWh a shekara. Wanda ya bar CFL ya koma LED kuwa, abin da zai ƙara tsimi bai wuce 5 ko 6 ba. Babban tsallen an riga an yi shi. Shi ya sa ban ga dalilin gaggawar ciro CFL mai aiki saboda kuɗin wuta kaɗai ba.

Zaibar da ke ciki: nawa ce, kuma yaushe take cutarwa?

Zaiba ita ce ƙarfen nan mai ruwa-ruwa mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin sinadarai goma da suka fi zama abin damuwa ga lafiyar jama'a. Tana ƙafewa ta zama tururi ko babu wuta, tururin kuma ba shi da launi ba shi da wari. Kimanin kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa yana wucewa ta huhu ya shiga jini. Wanda ya daɗe yana shaƙa yakan samu rawar hannu, rashin barci, mantuwa, ciwon kai, da lalacewar ƙoda. Ɗan tayi da ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwarsu tana kan ginuwa.

Adadin da ke cikin ƙwai ɗaya kaɗan ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta shi a kimanin miligiram 4, abin da zai rufe kan tsinin biro. Tsohon ma'aunin zafin jiki yana ɗauke da kimanin miligiram 500, wato fiye da na ƙwai 100. Tarayyar Turai ta rage iyakar zuwa miligiram 2.5 ga ƙananan CFL daga 2013. Kuma muddin gilashin bai fashe ba, ko yana kunne ko yana kashe, zaibar ba ta fita. Wanda ke kwana ƙarƙashin lafiyayyen CFL ba ya shaƙar komai. Ƙwai ɗaya da ya fashe aka buɗe taga aka kwashe shi yadda ya kamata, da wuya ya yi wa lafiyayyen mutum illa.

Abin da ke damuna shi ne yawan. An sayar da biliyoyin irin wannan ƙwan a duniya, kuma mafi yawansu a juji suka ƙare. A can suke fashewa, wani kaso ya tashi sama, wani ruwan sama ya wanke shi zuwa rafuka da tafkuna. A cikin laka, ƙananan halittu suna mayar da zaibar wani nau'i da ya fi dafi, wanda ke taruwa a jikin kifi. Babban kifi ya ci ƙarami, gubar ta ƙara yawa, mutum kuma ya ci babban. Ta wannan hanyar ta kifi ce bala'in garin Minamata na Japan ya auku, wanda aka gano a 1956, bayan kamfanin sinadarai na Chisso ya yi shekaru yana zuba gurɓataccen ruwa a teku. Can masana'anta ce, ba ƙwan fitila ba, kuma adadin ba a ma haɗa su. Amma hanyar da gubar ke bi ta dawo jikin mutum ɗaya ce.

Sunan garin aka ba yarjejeniyar duniya kan zaiba, wadda aka amince da ita a 2013 ta fara aiki a 2017. A taron da aka yi a Bali a 2022, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, an tsayar da 2025 a matsayin lokacin daina ƙera CFL na gida mai wat 30 zuwa ƙasa, da daina shigo da shi ko fitar da shi. A taron Janeba na 2023 aka sa wa sauran fitilun fulorasan, har da dogayen, wa'adin 2026 da 2027. Ba a haramta amfani da wanda ke hannun mutane ba. Amma duk CFL da ka gani a kanti yanzu, ka sani ragowar kaya ne na wani zamani da ke ƙarewa.

A da ana kare CFL da wata hujja mai ƙarfi. Tashoshin wuta masu ƙona gawayin kwal suna cikin manyan masu sakin zaiba a iska, don haka a inda wuta daga kwal take, ƙwan da ya rage cin wuta yakan hana fitar zaibar da ta fi wadda ke cikinsa. Gaskiya ce lokacin da abokin takararsa mai zare ne. Da LED ya zo da ƙarancin cin wuta kuma babu zaiba, hujjar ta faɗi.

Idan ya fashe a ɗaki

Kada ka ɗauko tsintsiya, kada kuma ka kunna injin zuƙar ƙura. Hannu kan kai ga tsintsiya kafin tunani, alhali ita ce ke watsa farar hodar ta cika ɗaki, injin kuma ya hura tururin ya riƙe sauran a cikinsa. Fara fitar da kowa, musamman yara da mai ciki, har da dabbobi, kuma kada a taka wurin. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Buɗe tagogin da ke kallon waje, ja ƙofar da ke shiga sauran gidan, ka fita kai ma na aƙalla minti 10 zuwa 15.

Idan ka dawo, sa safar hannu. Da kwali mai ƙarfi guda biyu za ka tattara gutsattsarin gilashin da hodar, ɗaya ya tura ɗaya ya karɓa. Sannan ka yanko salatif mai faɗi ka riƙa manna shi a ƙasa kana ɗagawa. Za ka ga farar ƙura da 'yan tsinin gilashi masu ƙyalli sun bi shi, har daga inda ka zaci babu komai. Ci gaba har sai ka ɗaga ka gan shi fes. Idan daɓe ne ko tayil, goge da jiƙaƙƙen tsumma ko takarda da ba za ka sake amfani da ita ba. Gilashin, kwalin, salatif ɗin, tsumman da safar, duk a cikin kwalba mai murfin ƙarfe za su, a ɗaure murfin tam. Leda ba ta riƙe tururin zaiba sosai, idan ita kaɗai gare ka, ka ninka ta ka fitar da ita waje nan take. Tarkacen yana ci gaba da sakin tururi kwanaki bayan fashewar, don haka kada ya kwana a kwandon sharar cikin gida. Wanke hannu, ka bar tagogi a buɗe na wasu awanni. Kafet ya fi wuya, domin hodar tana shigewa cikin gashinsa. Idan ƙarami ne, naɗe shi a hankali ka fitar da shi ya sha iska. Tufafi ko zanen gado da gilashin ya zuba a kai kai tsaye, gara a rabu da su da a jefa su cikin injin wanki.

Inda mataccen ƙwai ya kamata ya je

Duba jikin ƙwan ko kwalinsa. Haruffan Hg suna nufin akwai zaiba. Hoton kwandon shara mai taya da aka soke da gicciye yana nufin ba a haɗa shi da sharar gida. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tanadi wuraren karɓar irin waɗannan, a Amurka kuma wasu manyan kantunan kayan gini suna da akwatin da ake sakawa. A masana'antar sake sarrafawa, ana farfasa ƙwayayen cikin rufaffen inji mai matatar iska, a ware gilashi da ƙarfe, a gasa hodar har zaibar ta tashi a tare ta. Tambayi hukumar tsabtace muhalli ta yankinka da masu sayar da kayan wuta ko akwai mai karɓa.

Idan babu, ka adana matattun ƙwayayen ba tare da sun fashe ba. Mayar da kowanne cikin kwalin sabon da ya maye gurbinsa ko ka naɗe shi da takarda, ka jera su a akwati mai murfi, a wuri busasshe da yara ba sa kaiwa, ka rubuta abin da ke ciki. Gida ɗaya ba ya tara masu yawa. Idan dole ta sa sai an zubar, a zubar da shi cikakke, a naɗe, a ɗaure, da rubutu a jiki, saboda mai kwasar shara da hannunsa zai taɓa. Abubuwa uku ne ba a yi ko ta halin ƙaƙa: ƙona shi cikin shara, wanda ke sakin zaibar gaba ɗaya cikin hayaƙin da maƙwabta za su shaƙa, fasa shi don a ciri ƙarfen gindi ko don ya shiga kwando, da jefa shi a kwata ko rafi. Doguwar fitila kuma yara na sha'awar wasa da ita, kada a jingine ta a bayan gida.

LED da ya mutu ba shi da zaiba, amma tarkacen lantarki ne mai 'yan ƙarafa a ciki. Inda ake karɓar matattun wayoyi da batura, can ya dace da shi.

Wanne ya dace da wa

Mai sayen sabo don ɗaki, falo, kicin ko ƙofar gida: LED mai inganci. A ma'aunai shida da muka bi, babu inda CFL ya fi shi yanzu.

Mai CFL da ke aiki a can sama, inda hannu da ƙwallo ba sa kaiwa, kuma ana barinsa a kunne awanni: ka bar shi ya ƙarasa rayuwarsa. Ciro goma masu rai a zuba a shara rana ɗaya don tsoron zaiba, an gudu ne ba a tsira ba, domin a sharar za su fashe.

Gida mai ƙananan yara ko mai ciki: cire CFL daga fitilar tebur, ta gefen gado, ɗakin yara, da duk ɗaki mai kafet. Sa LED a gurbinsu, su kuma ka mayar da su wurare masu tsayi ko ka adana su.

Banɗaki, matakala, sito, da duk inda ake kunnawa a kashe sau da yawa: LED. Haka ma waje a wuri mai sanyi.

Mai amfani da sola, batir ko ƙaramin janareta: LED, don a nan kowane wat yana da daraja, bambancin wat 5 a ƙwai goma wat 50 ne da batir zai huta da shi.

Mai makunni mai rage haske: LED da aka rubuta a kwalinsa cewa yana aiki da irin wannan makunnin.

Mai buƙatar zafi da gangan, kamar mai ɗumama 'yan tsaki, ko mai neman ƙwan cikin tanda: a nan mai zare da aka yi don wannan aikin yake da sauran amfani, LED da CFL ba za su yi ba.

Ofis, makaranta ko masana'anta mai dogayen fitilu da yawa: a nemi wanda zai karɓi tsofaffin tun kafin a fara cirewa, a tanadi kwalayen da za a jera su ba tare da sun gogi juna ba. Akwai dogayen LED da ke shiga mazaunin tsohuwar fitila, sai dai wasu suna aiki da cok ɗin da ke ciki, wato na'urar daidaita wuta, bayan an sauya sitata mai tayar da fitilar, wasu kuma sai an cire cok ɗin an sake haɗa waya. Mai gyaran wuta ne zai duba kwalin ya faɗi wane iri ne kafin a ɗaura ko ɗaya.